Gurbin Za-a-ƙara

A dangi babu mai kiransa da sunan da iyayensa suka raɗa masa. A gabansa Baba Tela ne, in ya ba da baya kuma Za-a-ƙara. Ƙanwarsa, wadda kowa ke kira Gwaggo Nas, ita ta laƙaba masa, sunan kuwa ya zauna masa ɗas, fiye da duk rigar da ya taɓa ɗinka wa mutum.

Ba wai bai iya ɗinki ba ne. Hannunsa ba ya karkacewa, zarensa ba ya tsinkewa a wanki. Illarsa ɗaya: bai taɓa ɗinka wa mutum kaya daidai jikin da ya zo da shi ba, sai daidai jikin da yake hango masa. Juya wandon da ya fito daga shagonsa, za ka tarar da rarar yadi a naɗe cikin kowane ɗinki, kalmasar ƙafa kuma ta kai faɗin tafin hannu. In ka yi ƙorafi ya dube ka ta saman tabarau ya ce, “Ai gaba ake dubawa. Ranar da ka yi ƙiba ko ka yi tsawo, a farke a ƙara.” Har wani tsoho mai dogara sanda ya taɓa faɗa wa haka, mutumin da tsawonsa ya daɗe da fara komawa ƙasa. 'Ya'yansa kuwa, duk hoton makarantar da aka ɗauke su ba a ganin yatsun kowa. Yunifom ɗin kan mutu kafin su cika shi.

Haka gidansa yake. Ɗaki biyu, falo, da shago a gaba. A saman rufin rodi ne tsaye cirko-cirko suna jiran bene, da matakala da ta hau ta hau ta tsaya a sarari kamar wadda ta manta abin da ya kai ta. Matarsa, Umman yara, ta daɗe da mai da rodin wurin ɗaura igiyar shanya. Ɗakin saman nan an yi wa babban ɗansa alkawarinsa, ya girma ya tafi. Aka gadar wa mai bi masa, shi ma ya tafi. Alkawarin ya gangaro kan Auta, wadda ke kwana a falo bayan labule, kusa da ƙunshin yadin mutane. In ta yi tsaki don an zauna mata a katifa, uban ya ce ta yi haƙuri, ai ɗakinta na sama.

Shekarar da ya ƙudurta zai sayi keken da ke yin aikin zare da kansa, irin wanda kwamfuta ke ba umarni, sai ya ce bari a fara da kwamfutar. Da ya je wurin masu sayar da kwamfuta, mai shagon ya jera masa kwamfutoci tafi-da-gidanka sirara masu sheƙi. Za-a-ƙara bai ko dubi fuskarsu ba, kife su yake yi yana laluben noti. Can ya hango wata baƙa mai kauri a ƙasan kanta, da 'yar ƙofa a cikinta. Mai shagon ya kwance notin ya ɗaga ƙofar, ya nuna masa wani siririn gurbi da 'yan ƙugiyoyi biyu a gefe, babu komai a ciki.

“Nan fa?”

“Nan ake ƙara ram, Baba. Ka san teburin yankanka? To ram shi ne teburin kwamfuta. In yana da faɗi ta baza aikinta, in ƙarami ne sai ta ture wannan kafin ta ɗora wancan. Duk ranar da ka ga ta yi maka nauyi, ka sayo ɗan falle ka soka a nan.”

Za-a-ƙara ya daɗe yana kallon gurbin. Umman yara ta ce ko ranar da aka kai ta gidansa bai yi mata irin wannan kallon ba. Ya ga na'urar da aka bar wa rarar ɗinki, ya san masu ƙera ta mutanen kirki ne.

Keken dai bai zo ba. Amma gurbin ya samu aiki. Duk baƙon da ya zauna a shagon har aka kawo masa shayi, sai an kife masa kwamfutar a kan teburin yanka, an ɗauko sukundireba daga gwangwanin maɓallai, an buɗe 'yar ƙofar. Da ya ga mutane ba sa gane abin da babu, sai ya yanko kwalin da ake sa wa wuyan riga, ya auna shi da tef, ya datse daidai gurbin. Ya soka shi a karkace, ya danna, ƙugiyoyin su ce ƙas, ya buɗe su da bakin almakashi ya zaro, ya sake. Tela ne, bai yarda da abin da ba a gwada ba. Kuma duk ranar da yake yi wa kekunansa hidima, in ya gama ɗiga wa ƙafa da kwarkwaro mai, sai ya zo ya ɗiga wa gurbin nasa, don a ganinsa duk abin da ke motsi in ba ya shan mai tsatsa za ta ci shi.

Gwaggo Nas ita ce ba ta taɓa yi masa kara ba. Tata kwamfutar siririya ce, tana shiga jakar hannunta tare da rigar aiki, batirinta na kai ta tun safe har ta tashi daga asibiti. Ta Yayanta kuwa, in aka zare caja sai ta suma, fankarta na kuka kamar injin niƙa.

“Yaya, wannan abin ka ɗauke shi ka kai bakin titi ka dawo, in bayanka bai amsa ba ka kira ni.”

“Taki ina ƙofarta?”

“Ba ta da ƙofa. Komai nata a manne yake da dalma, shi ya sa ba ta nauyi, ba abin da ke girgiza a ciki.”

“Wato yadda aka haife ta haka za ta mutu.”

“Taka da aka bar wa wurin girma, ta girma?”

“Za a ƙara.”

“Na sani, Yaya. Har bene.”

Sai wata rana shayi ya kife a kan ta Gwaggo Nas, ta mutu murus. A cikinta akwai hotunan mahaifiyarsu na shekarunta na ƙarshe, da 'yan muryoyinta da aka naɗa tana faɗa da jikoki, kuma babu su a ko'ina sai can. Masu gyara suka ce ma'ajiyar, inda kwamfuta ke tara duk abin da aka zuba mata, a manne take a jikin babban allon da suke kira fanel, fanel ɗin kuma ya ƙone. Sai dai a canja shi gaba ɗaya, abin da ke ciki ya bi tsohon. Matar da ta saba ganin gawa a wurin aiki ko gezau, sai ga ta zaune a falonta tana kuka kamar ranar aka yi rasuwar. Dangi suka je ba ta baki. Za-a-ƙara ma ya je, da kwamfutarsa a hammata da sukundireba a aljihu. Ya jira aka yi shiru, ya kife ta a kan teburinta, ya nuna wa jama'a inda tasa ma'ajiyar take da noti ɗaya tak.

“Da irin wannan ce, Nas, da yanzu muna jin muryar tsohuwa.”

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce gaskiyar da ta hana ƙanwarsa taka gidansa har aka yi damina aka gama. Da ta tashi sayen wata, siririyar ta kuma saya, amma wannan karon ta zaɓi mai faffaɗan ram tun daga shago, kuma duk hoton da ta ɗauka sai ta kwafe shi a wuri biyu. Ta aiko masa da saƙo ta bakin Umman yara, cewa ita abin da za ta yi amfani da shi yau take saya.

Duk wannan lokacin mutum ɗaya ce ke kunna baƙar kwamfutar don aiki, ita ce Auta. Tun da ta gama sakandare take zama da ita a ƙarshen teburin yanka, tsakanin dutsen guga da tarin ƙyallaye, ta koya wa kanta zana aikin zare: fure, harafi, bajon makaranta, kowane ɗinki da inda allura za ta shiga da inda za ta fita. Uban yana alfahari da ita, yana gaya wa kowa ita ce za ta riƙe keken in ya zo. Ita kuwa ta daina tambayar yaushe.

Rannan wani kamfani da ke ɗinka yunifom ɗin makarantu, can ɗaya gefen gari, ya ce yana neman mai zane. Suka ga 'yan ayyukanta suka ce ba laifi, amma ta haɗo musu bajo masu launi da yawa a manhajar da kekunansu ke karantawa, ta kawo kafin mako ya fita. Akwai wasu ma da aka ba irin wannan gwajin. Auta ta ɗora manhajar, ta buɗe zanenta, kwamfutar ta yi dogon nishi ta sandare. Ta kashe ta kunna. Ta ja layi biyu, ta sake sandarewa, fanka na ihu, teburi ya yi zafi har Umman yara ta ce a ɗora mata ruwan wanka.

“Baba, ranar ta zo,” in ji Auta. “A ƙara.”

Za-a-ƙara ya ci gaba da datsa zare. Shekara da shekaru yana cewa za a ƙara, bai taɓa tunanin yadda abin zai zama in an ƙara ɗin ba. In aka cike gurbin, me zai nuna wa baƙi? Kwamfuta ce kawai za ta zama, tsohuwa, mai nauyi, irin ta kowa.

“Ki rage launin mana. Bajo mai launi biyu ya fi kamala.”

“Ba ni na zaɓa ba, Baba.”

“To ki riƙa ba ta hutu. Gaggawa ce ba ta so. Irin wannan gurbin ba a cike shi don ƙaramin dalili, ajiye shi ake yi sai babbar rana.”

Umman yara tana daga ƙofar falo da bokitin wanki a hannu. Ba ta cika sa baki a maganar shago ba, amma ranar ta ajiye bokitin.

“Baban yara, wace ranar kake jira? Alkawarin babban ya wuce, na mai bi masa ya wuce. In wannan ma kana so ta tsufa a bayan labule ne ka faɗa, in ƙara mata labulen.”

Washegari ya sa rigarsa mai aljihu huɗu, ya rungumi kwamfutar da kansa, Auta na biye da shi, suka shiga layin masu gyara. Rumfar da suka tsaya ba ta fi faɗin tabarma ba, cike da gawarwakin wayoyi da warin dalma. Mai gyaran yana cin gyaɗa, bai ko miƙe ba. Ya ji bukata, ya lalubo ɗan falle kore daga wata leda, ya miƙa hannu zai ɗauki sukundirebansa. Za-a-ƙara ya ce a'a, shi zai buɗe. Ya kwance notin cikin ƙwarewar wanda ya yi abin sau ba adadi, ya ɗaga 'yar ƙofar, ya ja da baya don a gani.

Mai gyaran ya leƙa. Ya jawo fitila ya sake leƙawa. Ya sa tsinke ya lakato wani baƙin danƙo ya kai hanci.

“Baba, miya aka zuba mata?”

“Man keke ne. Mai kyau, ba na kwalbar bakin titi ba.”

“Mai.” Ya dubi Auta, Auta ta dubi ƙasa. “To. Wa kuma yake soka mata abu a nan?”

“Kwali ne kawai, na gwaji. Daidai awo na yanka shi.”

Mai gyaran ya juyo da fitilar ya ce Baba ya matso. A cikin gurbin akwai 'yan haƙora na ƙarfe, sirara kamar gashin ido, waɗanda ya kamata su tsaya a jere su kama fallen. Rabinsu sun kwanta, wasu sun karye, sauran sun nutse cikin cakuɗen mai da ƙurar yadi. Ƙugiya ɗaya tana lilo. Duk da haka ya wanke, ya goge, ya soka fallen ya kunna. Fuskar kwamfutar ta tsaya baƙa ƙirin. Ya zare ya kunna, ta kawo. Ya gwada wani fallen, baƙa ƙirin.

“Gurbin ya mutu, Baba. Ya daɗe da mutuwa.”

“To a cire wanda take aiki da shi a sa babba a wurinsa.” Za-a-ƙara ya faɗa da sauri, yana jin daɗin dabararsa.

“Wanne? Wannan?” Mai gyaran ya nuna wasu 'yan baƙaƙen murabba'ai a jikin allon. “Ai na asalin a manne yake da dalma. Irin wannan haka ake yin su, ɗaya a manne, ɗaya gurbi. Tun ranar da ka saye ta da manannen take aiki.”

Za-a-ƙara ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Wato duk shekarun nan da yake yi wa Nas gori, abin da ke riƙe da tasa kwamfutar ɗan'uwan nata ne.

“Gurbin ba ya gyaruwa?”

“Sai dai a canja fanel gaba ɗaya. Irin nata kuma sai an yi cigiya, ba a wannan makon ba.”

Maganar da aka faɗa wa ƙanwarsa ke nan, ba a canja ko harafi ba. Auta ta jingina da ƙarfen rumfar. Idonta ya kawo ruwa. Can ta tambaya a hankali ko zanenta fa, duk abin da ta tara yana ciki, kuma kwamfutar ba ta tsayawa ta bari a kwafe manyan ba tare da ta sandare ba.

“Wannan mai sauƙi ne,” in ji mai gyaran. Ya kwance noti ɗaya, ya zaro ma'ajiyar, ya zura ta cikin wani ɗan gida mai igiya, ya miƙa mata. “Duk kwamfutar da kika samu ki jona. Ki dai nemi mai ƙarfi.”

Nan take fuskar Za-a-ƙara ta washe. Ya mai da tabarau, ya zaro waya, ya kira ƙanwarsa a gaban kowa.

“Nas, kina ji? Noti ɗaya. Noti ɗaya aka kwance, komai na yarinyar nan ya fito lafiya lau. Da irin taki ce da yanzu muna zaman makoki.”

“Madalla, Yaya. An ƙara ram ɗin?”

“Wannan wata magana ce daban.”

“Ba ni Auta.”

Abin da suka faɗa wa juna bai ji ba, yana can yana yi wa mai rumfar kusa bayanin noti ɗaya. Da suka koma gida Auta ta sa kaya kala biyu a jaka, ta ce za ta je gidan Gwaggo ta yi aikin a kwamfutarta, tunda can ɗin ma ya fi kusa da kamfanin. Uban ya ce ta gaishe ta, kuma ta nuna mata ma'ajiyar da kyau.

A siririyar kwamfutar nan marar ƙofa, wadda za ta mutu yadda aka haife ta, manhajar ta buɗe ba ko tari. Auta ta gama bajonta ta kai, aka kira ta aiki. Gwaggo Nas tana da wani ɗan ɗaki da take tara kwalaye, ƙarami, tagarsa na kallon bangon maƙwabta. Amma yana da rufi, yana da ƙofa, ƙofar tana da sakata. Aka fitar da kwalayen. Kaya kala biyu suka zama akwati, akwati ya jawo katifa.

Ranar da ta zo ɗaukar katifar, Za-a-ƙara yana zaune a kan keke bai taka ba. Ya ga ta naɗe labulen falon ta ajiye a kan ƙunshin yadi.

“Yanzu ke da gaske zama za ki yi a wannan akurkin? Ga ɗakinki na sama, taga biyu na tsara masa. Ga keke yana hanya.”

Auta ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba, ta ɗaura wa katifar igiya.

“In an ƙara, Baba, ka aiko a kira ni.”

Tana zuwa duk ƙarshen mako, da leda a hannu, ta zauna da Ummanta su yi ta hira a kicin. Rigunan aikinta wani tela ne a can yake ɗinka mata, daidai jikinta, uban kuma ya lura.

Fallen ram ɗin da aka saya bai yarda an mayar ba. Ya naɗe shi a ƙyalle ya sa a gwangwanin maɓallai, kusa da sukundireba, sai ranar da aka samu fanel. Kwamfutar ba ta ƙara tashi ba, tunda ma'ajiyarta na gidan Nas, amma tana nan a ƙarshen teburin yanka, an rufe ta da ragowar yadi saboda ƙura. Baƙon da ya zauna har aka kawo shayi, ana kife masa ita. Za-a-ƙara ya kwance noti, ya ɗaga 'yar ƙofar, ya nuna da bakin almakashi.

“A da gurbi ɗaya gare ta. Yanzu ka ga biyu. Nan ram, nan ma'ajiya. Duk wadda za ka saya a kasuwa yau, ba za ka samu mai wurin ƙari kamar wannan ba.”

Baƙon ya gyaɗa kai, ya kurɓi shayi, ya tambaya ko wandonsa ya samu, ya kuma roƙi arziki a rage masa kalmasar.